Igiyoyin Malama Lising

Kafin hayaƙi ya tashi a madafan ƙauyenmu, Malama Lising ta riga ta share ƙofar gidanta. Idan ta kwashe ganyen, sai ta juya tsintsiyar ta shafe yashin ya kwanta sumul, don in yaro ya zo ya sami inda zai ja yatsa. Daga nan ta shiga madafi ta tsuguna gaban tokar jiya tana tsintar gawayi. Kowanne sai ta goga a bayan hannunta. Wanda ya karce ta, ta mayar da shi murhu. Wanda ya bi fata da laushi, ta jefa shi cikin ɓawon kwakwa. Ranar da jirgin ruwa mai kawo kaya ya zo kuwa, za ku gan ta a ƙofar kanti tana jiran a zazzage sabulu da taliya, ta roƙi kwalayen, ta farke su da wuƙa, ta ɗaure ta ɗora a ka. Sama da shekara talatin ke nan tana haka. Da, in ta gama sai ta gangara makarantar ƙanana da ke bayan coci, ta buga tsohuwar tukunyar gas, yara su ɓullo ta kowace hanya. Yanzu ba ta gangarawa. An sa wa ɗakin kwaɗo, tukunyar gas ɗin kuma kaji ke hawa.

Ni ce Toumara, matar Masoe, uwar Leiwia da ke kwance a kabarinta a bayan gidanmu. Aji huɗu na tsaya a makaranta, don haka wadda za ta karanta wannan a taron zumuntar mata ta yi haƙuri da hannuna. An ce kowace mace ta kawo sunan wanda ya yi wa ƙauye aiki a gode masa. Na ji an kawo sunan mai gyaran tankin ruwa, an kawo na masu sharar coci. Ban ji wadda ta kawo sunan matar da ta fara sa wa 'ya'yanku gawayi a hannu ba, har da mazajenku. Na san dalili. An ce ita ta ci 'yata, kuma an yanke mata ta bar tsibirin nan ta koma tsibirin Ambrym inda aka auro ta. To ni ce uwar yarinyar. Ranar da aka yi wannan magana ba a tambaye ni ba. Yau zan faɗa, kuma duk daga kaina zan faɗa, don ba a bar mini ko guntun kwali ɗaya da zan duba ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin nan ya san igiyoyin. Kowane yaro da tasa. Zaren kamun kifi ne, an ɗaure daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. In sabon wata ya tsaya, Malama takan ba kowa kwali da gawayi ta ce, "Zana mini mutum." Abin da take cewa ke nan. Ba ta riƙe hannun yaro, ba ta zana nata a kwaikwaya, ba ta cewa ina hancin. In ya gama ta tambaye shi wane ne, ta huda kwalin, ta zura a igiyarsa a bayan na watan jiya. Ranar da yaro zai tafi aji ɗaya, ta kwance igiyar ta naɗe ta miƙa wa uwarsa. Gida nawa ne a ƙauyen nan da babu irin wannan ƙunshi soke a jinka?

Ranar da na fara kai Leiwia, ba ta cika shekara uku ba. Ta damƙi gawayi kamar za ta yi daka, ta yi ta jagwalgwalo da hannun gaba ɗaya tun daga kafaɗa, idonta ma yana kan kare. Na ji kunya. Na ce, "Malama, wannan ai ɓarnar kwali ce kawai."

Ta ce, "Ke ranar da kika fara saƙa, tabarma kika fitar ko sheƙar ɓera?"

Ta ja ni gaban igiyar wani yaro da ya kusa gamawa, ta bi da ni tun daga farko. Nan jagwalgwalo ne. Nan layin ya fara lanƙwasa. Sai ta tsaya a wani kwali da ba komai a kansa sai zobe ɗaya karkatacce, ta ɗora yatsa inda bakin layin ya haɗu.

"Kin ga nan? Ranar da yaro ya rufe zobe, ranar nake dafa masa ƙwai. Ba hannunsa ne ya ƙware ba. Kansa ne ya iya riƙe inda ya faro har ya zagayo ya same shi."

Ta ce tana yarinya a garinsu takan raɓe ta ga babanta yana zane a toka, yatsa ɗaya, layi ɗaya, ba ɗagawa, ya zagaya ya zagaya har ya dawo inda ya tashi. Tun lokacin ta gane zane ba a yatsa yake zaune ba. Shi ya sa in iyaye suka zo da ƙorafi, wai yaran ƙauyen sama har sun fara rubuta baƙaƙe namu suna nan suna wasa da gawayi, takan ce, "Wanda bai rufe zobe ba, da me zai rubuta baƙin da ke da zobe? Ku bari kan ya iso, hannun zai biyo shi."

Bayan zobe sai mutumin kwakwa, haka take kiransa: ƙaton kai, idanu biyu, ƙafafu sun tsiro daga haɓa, ba wuya, ba gangar jiki. Leisong matar dattijon coci tana nan da ranta, za ta tuna ranar da ɗanta ya zana fasto a haka, fasto kuwa ya zo duba makaranta. Ta finciko yaron za ta make shi, wai ya zagi bawan Allah. Malama ta shiga tsakani. Ta ce wa yaron, "Nuna mini tumbinka." Ya ɗaga riga. "Nuna mini na fasto." Ya nuna, kowa ya yi dariya har da mai tumbin. Ta juya ga Leisong ta ce, "Kin gani, ya san da shi. Kansa ne bai isa ɗaukar kaya da yawa a tafiya ɗaya ba. Ya ɗauko fuska don da ita ake yi masa magana, ya ɗauko ƙafa don da ita ake zuwa wurinsa. Sauran zai koma ya ɗauko. Ƙyale shi." Fasto ya ce shi dai ya gode da aka rage masa nauyi. Ba a daɗe ba yaron ya mayar masa da tumbinsa, har da maɓallai daga sama zuwa ƙasa.

Pakoa mai jirgi, wanda ke haye da mu zuwa babban tsibirin Efate, shi ma a igiya aka gano shi. Sa'o'insa sun kai ga yatsu da gashi, shi yana nan yana manna hanci a kwali, idanun mutuminsa suna waje da kai. Iyayensa sun riga sun haƙura cewa dolo ne. Malama ta zaunar da shi ta ce ya faɗa mata da baki abin da ke jikin mutum. Ya lissafo har da farce. Ta ce wa ubansa, "Kan yaron nan lafiya lau yake. Hanyar da ke tsakanin kan da kwalin ce ta toshe. A duba idonsa." Aka duba, aka ba shi tabarau. Yau shi ke hango duwatsun cikin ruwa kafin kowa.

Shekarar da guguwa ta kwashe rufin makarantar, kowa ya ruga coci da tukwanensa da katifarsa. Ita ta iso tana mirgino gangar roba cikin ruwan sama. Muka zaci shinkafa ce. Igiyoyin yara ne. Kayanta na gida kuwa teku ta raba su.

Ke ce wannan, Malama. Ke ce jagwalgwalon 'ya'yan mutane ya fi miki katifarki. Lising mai baƙin yatsa, uwar masu gawayi. Ba ki haifi ko ɗaya ba a tsibirin nan, mijinki ya mutu ya bar ki a cikin danginsa, amma babu wanda kansa ya buɗe ba a gabanki ba.

Igiyar Leiwia ina ganinta in na rufe ido. Lokacin haƙar doya ta rufe zobenta. Ta dawo gida da ƙwan a hannu, ta ƙi ci, ta ƙi bayarwa, sai da ya yi wari. Mutumin kwakwarta kullum ni ce. Da ta shiga shekara biyar ta ba ni gangar jiki, ta sa mini riga mai fure. Yatsuna da farko kamar tsintsiya suke, sai wata rana na ji tana ƙirgawa a hankali tana ja, ta tsaya a biyar. Ta fara faɗin abin da za ta zana kafin ta zana. Da can kuwa sai ta gama take laƙaba masa suna, da safe alade ne, da yamma ya koma jirgi. Ta ja layi a ƙasan kwali ta tsayar da mutanenta a kai, suka daina yawo a iska. Na ƙarshe mai kyau da na tuna, jirgin Pakoa ne da babanta a ciki, ranar da ya tafi aiki. Ana ganin ƙafafunsa ta cikin jikin jirgin. Na ce mata ai ba a ganin ƙafar mutum in yana cikin jirgi. Ta dube ni ta ce, "To ina zai bar su?" Malama ta ce haka ne, yaro ba abin da ya gani yake zanawa ba, abin da ya sani yake zanawa.

Lokacin Masoe yana Ostareliya wajen tsinkar inabi, gidan yana hannun wansa Kalfau. Wata rana da hantsi ina gurza ayaba zan yi laplap, abincinmu da ake naɗewa a ganye a gasa, ƙaramin ɗana Tari yana wasa a gefena, Malama ta shigo madafina da igiya a hannu. Ba ta taɓa kwance igiyar yaro kafin lokaci ba. Ta shimfiɗa ta a tabarma.

"Toumara, wanke hannu ki zo ki gani."

A na uku daga ƙarshe, yatsuna sun ɓace. A na biyu, rigar furen ta tafi da gangar jikin, na koma mutumin kwakwa. A na ƙarshe, duk zanen ya maƙale a gefe ɗaya na kwalin, gefen hagu ba komai, kuma zoben kan bai rufe ba. Bakin layin ya wuce ɗan'uwansa.

Na ce, "Ko wasa take yi? Ko kewar babanta ce?"

"Na yi wannan tunanin. Yaro yakan koma baya in an yi masa ƙane, ko wani nasa ya tafi, daga baya ya dawo. Shi ya sa na jira. Amma mai kewa yana rufe zobe. Jiya na ce ta sake, ta sake, ta kasa, ta fashe da kuka. Ni ba likita ba ce, ban san sunan abin ba. Na dai san kai ba ya zubar da abin da ya riga ya ɗauka haka kawai. Ki kai ta asibitin birnin Vila a duba kanta. Kada ki jira."

Leiwia a lokacin tana waje tana bin kaji da gudu.

Da yamma na tafi wurin Kalfau, don mace ba ta ɗaukar 'yar gidan miji ta haye teku ba da yawun babba ba. Yana gyaran ragar kifi, maza na zaune tare da shi. Na tsaya daga nesa yadda ake yi wa suruki, na kira shi Tawi, kamar yadda muke kiran ɗan'uwan miji.

"Tawi, Malama ta ce a kai Leiwia asibiti."

"Me ya same ta?"

"Zanenta ne ya koma baya."

Ya ajiye ragar ya dube ni. "Zane."

"I, Tawi."

"In je in ce wa likita me? Ga 'yar ƙanena, gawayinta ba shi da lafiya?" Mazan suka yi dariya. Ya ƙwala wa yarinyar kira, ta zo a guje, ya ɗaga ta sama ya sauke. "Wannan ce mara lafiyar? Ta fi ni cin doya. Ki gaya wa tsohuwar nan ta iya bakinta. Ba a kiran ciwo a kan yaro mai gudu."

Na hau tudun da waya ke kamawa na kira Masoe. Ya ce Yaya ya fi shi ganin abin da ke gida, in bari ya dawo. Malama da kanta ta je wurin Kalfau, ta sake komawa. A zuwan ƙarshe ya ce mata, "Malama, har yanzu kina ganina kamar ina zaune a tabarmarki ne?" Ta ce, "Da kana zaune a kai, da ka fi haka jin magana."

Sai amai ya fara, da sassafe, kafin ta sa komai a baki. Sai ciwon kai. Sai ta fara karo da ginshiƙi ta gefen hagu, gefen da ta bari ba zane. Ko a nan ba Vila aka nufa ba. Kalfau ya kawo boka daga ƙauyen sama. Ya tauna ganye ya fesa mata, sannan ya tambaya, "Wa ya fara ambaton ciwon nan?" Aka gaya masa. Ya kaɗa kai, ya ɗauki kazar ladansa ya tafi.

Ranar da idonta ɗaya ya karkace ban tambayi kowa ba. Na goya ta na gangara bakin ruwa, Malama na biye da ni riƙe da Tari, Pakoa ya ta da inji. Likitar da ta gan mu mace ce mai hankali. Ta ce ƙari ne a cikin kai, kuma ya girma. Na ce da mun zo tun farko fa? Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, wataƙila da an samu an tura ta waje, wataƙila kuma da duk ɗaya ne. Da wannan wataƙilar nake kwana, da ita nake tashi.

Muka dawo gida da maganin rage zafi. Malama takan zo kullum da rana ta zauna gefen shimfiɗar, ko da surukata ta juya mata baya. Da wata ya tsaya ta zo da kwali kamar yadda ta saba, ta sa wa Leiwia gawayi a hannu. Yarinyar ta damƙe shi irin damƙar ranar farko, ta ja abin da ba shi da kai ba shi da ƙafa. Malama ta ce, "Wane ne?" Ta ce, "Mama ce." Malama ta ce, "Na gane ta." Ta huda ta zura a igiyar. Leiwia ba ta ga dawowar babanta ba.

Ranar binne ta kun zo da tabarmi, ban manta ba. Kowace mace da tata, aka naɗe ƙaramar yarinya har sai da maza suka haɗa hannu kafin ta ɗagu. Malama ma ta kawo tata. Surukata ta sa ƙafa ta ture ta gefe.

Ina cikin zaman makoki, ba na fita ƙofar gida, aka busa ƙatuwar katantanwar teku aka tara maza a ɗakin taro. Abin da aka faɗa, Leisong ce ta kawo mini daga bakin mijinta. Kalfau ya miƙe ya ce yarinya tana gudu tana ci, mace ɗaya ta ce ciwo na kanta, ciwo kuwa ya fito a kai. Ta ina ta sani in ba ita ta sa ba? Wani ya ce ai daga Ambrym take, kowa ya san zancen maita da ake yi a kan mutanen can. Wani ya ce ba ta haihu ba. Sai wani ya ce, to igiyoyin nan fa? Me ake yi da surar mutum da hannun yaro ya taɓa, a huda ta, a rataye? Ashe kurwar yara take zurawa. Waɗanda suka faɗi haka, kowannensu uwarsa tana da ƙunshinsa a jinka.

Aka bar Malama ta yi magana daga bakin ƙofa. Ta ce, "Na sani ne don na duba. Ku ma da kun duba da kun gani." Aka ce wannan ba amsa ba ce.

Aka ci ta tarar alade da tabarmi. Aka kwance igiyoyin duka, aka tara a bayan makaranta, aka cinna musu wuta. Ina daga ɗaki na ji warin zaren roba yana ƙonewa, ban san mene ne ba. Ta Leiwia, da Malama ta mayar makaranta, tana ciki. Abin da guguwa ba ta samu ba, mazan ƙauyen nan suka samu. Ba ni da hotonta, wayar da ke ɗauke da shi ta faɗa ruwa. Abin da hannunta ya bari a duniya ke nan: zoben farko, rigar fure, ƙafafun babanta a cikin jirgi, da ni ta ranar ƙarshe. Suka ƙona wai don su saki kurwarta, su da suka ƙi sakin ta ta je asibiti.

Wasunku kuma da kuka ji, kuka zaro naku daga jinka kuka sa a murhu. Na san ku. Ba zan kira suna ba.

Mai gari ya yanke cewa bayan Kirsimeti ta bi jirgi ta koma garinsu. Garin da ta baro tana budurwa, inda duk wanda ya san ta ya mutu.

Ranar tafiyar na riga na fita makoki, Masoe ma ya dawo. Na iske ta a bakin ruwa zaune a kan akwatinta, mutane sun tsaitsaya nesa-nesa kamar masu kallon kifin da teku ta jefo. Kalfau na nan, an ce ya tabbatar ta shiga. Na zo da tabarmar da na saƙa lokacin da nake kulle a ɗaki. Na shimfiɗa a gabanta, na zaunar da Tari a kai, na miƙa masa guntun kwali da gawayi daga murhuna.

Kalfau ya ce, "Toumara, ɗauke yaron nan daga gabanta."

Na ce, "Tawi, a kan waccan na tambaye ka, ka ba ni amsa. A kan wannan ban tambaye ka ba."

Masoe yana tsaye a bayan wansa. Ya dubi ƙasa. Bai ce in ɗauke ba, bai ce in bari ba. A wurinsa wannan ma ƙoƙari ne.

Malama ta daɗe tana duban yaron. Sannan ta ce, da muryar da duk wanda ke wurin ya sani tun yana yawo ba wando, "Zana mini mutum."

Tari ya fito da harshe, ya ja layi, ya zagayo. Bakin ya haɗu. Ya ɗiga idanu biyu, ya tsiro ƙafafu daga haɓa.

"Wane ne?"

"Ke ce."

"Madalla. Ka raba ni da ciwon baya."

Ta ɗaga kai ta ce wa Pakoa yaushe zai tashi. Pakoa ya cire tabarau yana gogewa da riga. "Malama, injin nan tun safe yake mini gardama."

Kalfau ya ce, "Yanzu fa ka dawo da shi daga Efate."

"To ka ga abin mamaki. Da jin ita zai ɗauka sai ya mutu. Amma ga filafili nan, ga teku, in kana jin ƙarfi." Wasu mata suka rufe baki da hannu.

Malama ta ce, "Yanko mini zare." Ya yanko daga na kamun kifinsa. Ta huda kwalin da ƙaya ta zura. Sannan ta dubi Kalfau ta ce, "Ka gaya wa mai gari ban raina maganarsa ba. Amma yaron nan bai ba ni gangar jiki ba tukuna, ni kuwa ban taɓa barin igiya a rabi ba sai guda ɗaya." Ta miƙe. Pakoa ya saɓa akwatin ya bi bayanta.

Ba wanda ya tare ta. Ba kuma wanda ya janye maganar. Hukuncin yana nan, ko gobe ana iya tayar da shi. Kwaɗon yana nan a ƙofar makaranta. Aladenta tuni maza suka cinye shi suka bi da kava, abin shansu mai sa maye. Yara huɗu ke zuwa ƙofar gidanta: Tari, 'yan biyun Pakoa, da jikar Leisong da ake kawowa ta bayan gida. In ta fito ɗibar ruwa, har yanzu akwai masu janye 'ya'yansu daga hanya.

Malama, na gode. Ke kaɗai ce a tsibirin nan kika ga 'yata tana tafiya tun tana gudu. Kin fi ni sanin mutanen nan. Kin san abin da ake yi wa baƙuwa mara ɗa in ta faɗi irin wannan magana, amma kika kwance igiyar kika shigo madafina. Da kin yi shiru, da yanzu kina buga tukunyar gas, da sunanki ne na farko a godiyar bana. Ba ki ceci Leiwia ba, ba a ba ki hanya ba. Amma ba ta tafi ba tare da wani ya lura ba, wannan kuwa ke kika ba ni. Allah ya ƙara miki kwana, ya bar miki idonki.

Ku kuma 'yan'uwana mata, ban ce ku zama malamai ba. In yaro ya kawo muku jagwalgwalo, kada ku hura wuta da shi. Ku tambaye shi wane ne. Ku ajiye, ku haɗa da na watan jiya, ku duba. Kada ku riƙe masa hannu, kada ku make shi don fasto ba shi da wuya. In kuwa kuka ga abin da ya iya ya fara zubewa, ku goya shi ku haye, ko wa zai yi dariya. Wanda ya gaya muku kuma, ku ba shi wuri ya zauna.

Saura abu ɗaya. Malama ta tsufa, tana tari da sanyin safiya. Ranar da ta mutu za a busa katantanwa, ku fito da tabarmi a ka, kuna kuka kuna cewa ita ta koya mana, ku naɗe ta har maza su kasa ɗagawa. Ba za ta ji laushinsu ba. Tabarmar da kika ajiye don wannan rana, ki zaro ta yau. Hanyar gidanta ba ta canja ba, yashin a share yake. Ki shimfiɗa a ƙofarta da rana tsaka kowa na gani, ki zaunar da ɗanki a kai. Tawa tana can tun bayan Kirsimeti, ita kaɗai, kuma yara huɗu sun fara yi mata yawa.